Itacen Makaranta: Wa Zai Ba Shi Ruwa?

  

Hirarmu ta yau a kan makarantar ƴaƴanmu take, da itatuwan da ke cikin filinta, da kuma abin da ake kira canjin yanayi. Magabata sun daɗe suna alkawarin za a koya wa yara wannan ilimi, za a kuma mai da makarantu wuraren inuwa. Za mu duba alkawarin nan. Wa ya yi shi? Yaushe aka yi shi? Me ya rage, kuma a hannun wa ya rage? Ku karanta a hankali. Inda kalma ta yi muku wuya, ku tambayi malamin cibiyarku.

Mene ne canjin yanayi?

In an yi ruwa yau, gobe aka yi rana, wannan ba canjin yanayi ba ne. Haka sama take tun fil azal. Canjin yanayi shi ne a duba shekaru 30 ko 40 a jere, a ga cewa damana da rani da ɗari duk sun sake hali.

Tsofaffinmu sun ga haka da idonsu. An yi babban fari a 1973 da 1974, dabbobi suka mutu, mutane suka bar garuruwansu. An sake yin wani a 1984, shekarar yunwar da mutanen bakin iyaka ke kira El Buhari. Daga wajen 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma bai dawo da halinsa na da ba. Yakan makara. In ya fara, yakan ɗauke kwana 15 ko 20 har shuka ta ƙone. Wani lokaci kuma ruwan wata guda ya zuba cikin dare ɗaya, ya cinye gona, ya kada ɗaki.

Me ya kawo haka? Ga yadda masana suka bayyana shi. Rana tana aiko da zafinta bisa ƙasa. Iskar da ta kewaye duniya tana riƙe wani sashe na zafin, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jikin mai barci. Ba don wannan bargo ba, da sanyi ya hana kowa rayuwa. To amma yau kusan shekara 200 ke nan mutane suna ƙona gawayin ƙasa, daga baya kuma man fetur da gas, a masana'antu da motoci da jirage. Ƙonawar tana fid da wata iska da ido ba ya gani, ana ce da ita iskar kabon. Tana taruwa a sama, bargon yana ƙara kauri. Da bargo ya yi kauri, sai zafi ya ƙaru.

Masu awo sun ce zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 bisa yadda yake kafin zamanin manyan masana'antu. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi, tun da aka fara rubuta awo. Kada ku raina digiri 1. Ku tuna da yaro mai zazzaɓi: ɗan ƙarin zafi kaɗan ne ke kwantar da shi. Iska mai zafi tana busar da ƙasa da sauri. Tana kuma ɗaukar ruwa fiye da iska mai sanyi, shi ya sa in ta sake shi sai ya zubo da ƙarfi.

Yawancin wannan iska daga ƙasashe masu manyan masana'antu take fitowa, irin su Sin da Amurka da ƙasashen Turai. Abin da Afirka duka ke fitarwa bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. Na Nijar kuwa ɗan ƙanƙane ne ƙwarai. Amma wahalar ba ta tsaya inda aka fid da hayaƙin ba, ta iske mu har gida.

Akwai kuma ɓarna ta biyu, wadda ke hannunmu. Ita ce sare itace ba tare da barin na baya ba, da noma gona kowace shekara ba taki ba hutu. Ƙasa in ta rasa itace da ciyawa, sai iska ta kwashe ta, ruwa ya wanke ta, ta koma faƙo. Dashen itace a Malbaza ba zai sanyaya duniya duka ba, wannan gaskiya ce. Amma zai tare iska, ya riƙe ƙasa, ya ba da inuwa a nan inda muke.

Ina ruwan makaranta?

Wani zai ce wannan magana ta gona ce, me ya haɗa ta da makaranta? Ga abin da ya haɗa su.

Na ɗaya, zafi. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a ƙasar Adar da Ƙonni. Ajin da ke da rufin kwano, ba rufin ciki, ba itace kusa, yakan koma kamar tanda tun kafin azahar. Yaron da ƙishirwa ta kama ba ya jin abin da malam ke faɗi.

Na biyu, ruwa. A damanar 2024 ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan 1 a Nijar, fiye da mutum 300 suka rasu. Azuzuwa da yawa sun rushe, wasu kuma aka saukar da waɗanda suka rasa gidajensu a ciki. Dole gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga Oktoba. Kusan wata guda na karatu ke nan ya tafi.

Na uku, yunwa. In gona ba ta yi ba, uba yakan tafi cin rani, a cire yaro daga aji ya bi dabbobi, a cire yarinya ta yi talla ko ɗebo ruwa. Fari yana fara cin gona, ya ƙare da cin makaranta.

Na huɗu kuma shi ne babba. Yaran da ke aji yau, su ne za su gaji gonakin nan. Yanayin da za su yi noma a cikinsa ba irin na kakanninsu ba ne. In ba su koyi yadda za su zauna da shi ba, da me za su ci abinci? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Alkawarin magabata

Yanzu bari mu bi alkawuran ɗaya bayan ɗaya. Ku riƙe shekarun, don mai karatu da shekara yake kafa hujja.

A 1973, cikin tsakiyar fari, ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari mai suna CILSS. Nijar tana cikin waɗanda suka kafa ta.

A 1975, zamanin Shugaba Seyni Kunce, aka mai da 3 ga Agusta ranar dashen itace. Ita ce ranar da ƙasarmu ta samu ƴancin kai a 1960. Tun daga nan, kowace shekara manya da ƙanana suna fita su dasa.

A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Abin da aka tsayar a can shi ake kira Alkawarin Maraɗi. Ma'anarsa a taƙaice: yaƙi da hamada ba aikin ma'aikatan gandun daji kaɗai ba ne, aikin kowane ɗan ƙasa ne.

A 1990 ƙungiyar CILSS ta ɗauki maganar ta kai ta cikin aji. Da taimakon kuɗin ƙasashen Turai aka buɗe wani shiri mai suna PFIE a ƙasashen Sahel 9, har da Nijar. An horar da malaman firamare, an buga littattafai, an koya wa yara sanin ƙasa da ruwa da itace. Shirin ya yi kimanin shekara 10.

A 1998 aka yi dokoki biyu a ƙasarmu: dokar tsarin ilimi a watan Yuni, da babbar dokar kula da muhalli a watan Disamba. Muhalli shi ne duk abin da ya kewaye mu, wato ƙasa da ruwa da iska da itace da dabbobi.

A waje ma an yi magana. A 2015 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Paris na Faransa don rage ɗumamar duniya. Sashe na 12 na yarjejeniyar ya ce a ilmantar da jama'a a kan canjin yanayi. A 2021 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta duba tsarin karatu na ƙasashe 100. Ta iske kusan rabinsu ba su ambaci canjin yanayi ba ko kaɗan. Don haka a 2022 aka kafa wani ƙawance na duniya da ya sa gaba abu 4: gyara makarantar kanta, gyara abin da ake koyarwa, horar da malamai, da jawo mutanen gari cikin aikin. Burinsu shi ne kafin 2030 rabin makarantun duniya su zama masu kula da muhalli.

Kun ga ke nan ba a rasa alkawari ba. Daga 1975 zuwa 2025 shekara 50 ce cur. Da kowane itacen da aka dasa a filin makaranta ya rayu, da yau ba makarantar da za a rasa inuwa a cikinta. To me ya faru? Za mu zo kan wannan. Amma da fari mu duba abin da mutanen ƙasar nan suka yi da hannunsu, ya kuma yi kyau.

Ilimin yana nan gida

Kada wani ya zaci ilimin zama da canjin yanayi sai an ɗauko shi daga Turai. Jahar Tawa da maƙwabtanta sun koya wa duniya abubuwa a wannan fanni.

Ku dubi kwarin Majiya. A 1975, a ƙasar Buza, ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da manoma suka fara dasa dogon yaro a jere don tare iska. Layi biyu-biyu ake yi, tsakanin wannan jeri da wancan mita 100. Aka yi ta yi har jerin ya kai ɗaruruwan kilomita. Iska ta rage kwasar ƙasa, hatsi ya ƙaru, aka samu itacen girki da na rufin ɗaki daga rassan da ake sassaƙewa. Majiyar nan ita ce ke gangarowa ƙasar Ƙonni, inda madatsun Mozage da Zango ke tara ruwan noman rani. In ƙasa ta zaizaye a sama, yashi da laka a madatsa suke taruwa. Itacen da aka dasa a tudu yana tsare albasar mai lambu a fadama.

Ku dubi Illela. A 1989 wani shiri na hukumar FIDA ya kai waɗansu manoman Illela yankin Yatenga na Burkina Faso. Can suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a faƙo, a zuba taki, a shuka a ciki. Da suka dawo suka gwada a ƴan gonaki kaɗan. A 1990 ruwa ya yi ƙaranci, sai aka ga gonakin ramuka sun ba da hatsi, na kusa da su ba su ba da ba. Ba a bukaci dogon wa'azi ba. Maƙwabci ya gani, ya kwaikwaya. Cikin ƴan shekaru aka farfaɗo da dubban eka a ƙasar Illela da Badagishiri, har faƙon da aka yar ya zama abin saye da sayarwa. Wannan ita ce tassa.

Ku dubi Maraɗi. Daga 1983 manoma suka fara barin tohon kututture a gona maimakon su sare shi duka. Sukan zaɓi rassa masu ƙarfi su bari, su cire sauran. Shi ake kira sassaben zamani. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa, domin saiwar tana nan da ranta cikin ƙasa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an samu itatuwa wajen miliyan 200 bisa eka miliyan 5 a Nijar. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta fid da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa bisa itacen da ya rena a gonarsa.

A Malbaza kanta akwai abin koyarwa. A 2018 aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana, mai ƙarfin megawat 7. Tana ba da wuta ba tare da ta ƙona mai ba. Yaron da ya gan ta zai gane cewa ranar da ke ƙona mu tana iya yi mana aiki.

Wa ya san tassa? Wa ya san sassabe? Ku ne. Malamin makaranta ya san littafi, amma wataƙila daga birni aka turo shi, bai taɓa haƙa tassa ba. Ku kun san ƙasa, shi ya san alli. In an haɗa biyun, yaro ya samu ilimi cikakke.

Me ya sa itacen 3 ga Agusta ke mutuwa?

Yanzu mu koma kan tambayarmu. Ku duba kalanda. Ran 3 ga Agusta makaranta tana hutu. Yara suna gona, malamai sun tafi garuruwansu. Manyan baƙi sukan zo, a dasa itace, a yi tafi, kowa ya watse. Ruwan sama ya riƙe shi har ƙarshen Satumba. A watan Oktoba, lokacin da yara ke komawa aji, damana ta ƙare. Gaban itacen nan akwai wata 7 ko 8 ba ɗigon ruwa. Bayan girbi kuma an saki dabbobi, ga filin makaranta ba shinge. Abin da akuya ta bari, rana ta ƙarasa.

Uku ne ke kashe shi: rashin shinge, rashin ruwa, da rashin mai shi. Na ukun ya fi sauran muni. In aka ce itacen gwamnati ne, kowa sai ya zuba ido. Gwamna ba zai zo daga Tawa da bokiti ba. Minista ba zai zo daga Yamai ya kori akuya ba. Dasawa aikin rana ɗaya ne, reno kuwa aikin shekara 2 ne ko 3.

To akwai wanda ke nan rani da damana, hutu ko ba hutu. Su ne iyayen yara. Kuma suna da wurin zama da hukuma ta yarda da shi, wato kwamitin kula da makaranta da aka fi sani da KOJES. A nan jahar Tawa aka fara ƙarfafa waɗannan kwamitoci a 2004, da taimakon ƙasar Japan, kafin a baza tsarin ko'ina cikin ƙasa. Jama'ar gari ke zaɓen shugabanninsa. Kowace shekara kwamitin yana rubuta tsarin aikinsa a gaban taron gari. Akwai kuma ƙungiyar iyaye mata. Abin da ake so shi ne a sa maganar itace da ruwa cikin wannan tsarin aiki, a rubuce, tare da sunan wanda zai yi da ranar da zai yi.

Yadda za a yi

Ga shawarwari guda 7. Kowane gari ya ɗauki abin da ya dace da ƙarfinsa.

1. A fara da shinge kafin a dasa. Kowane ɗan itace a kewaye shi da ƙaya, ko kara, ko tubali mai ƙofofin iska. In da hali, a dasa shinge mai rai a kewayen fili, irin su bagaruwa da magarya.

2. A dasa kaɗan, a rena duka. Itace 20 masu rai sun fi 200 matattu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

3. A zaɓi irin da ya san ƙasarmu. Dogon yaro don inuwa. Zogale don ganye, yana kuma girma da sauri. Kuka don miya. Aduwa da magarya suna jure fari. Gawo ya dace da gonar makaranta, domin yana kaɗe ganyensa da damana, ba ya tare wa hatsi rana, ganyen kuma taki ne. Mangwaro sai inda ruwa ya wadata.

4. A yi rami mai kyau: faɗi santimita 50, zurfi santimita 50. A gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. A cire ledar da ke jikin dashen, kada a binne shi da ita. Babban itace a nisanta shi da bango kamar taki 6 ko 7, don kada saiwa ta fasa gini. A fi dasawa a gabas da yammacin aji, inda rana ke bugu safe da yamma.

5. A tare ruwan sama. In fili yana da gangare, a yi wa kowane itace rabin wata, bakinsa yana duban inda ruwa ke fitowa. Ruwan wanke hannu da na wanke allo kada a zubar a banza, a kai shi gindin itace. A rufe gindin da ciyawa ko kara don laima ta daɗe.

6. A ba kowane itace mai shi. A rubuta lamba a jikin shingensa. A rubuta cikin littafi: itace lamba kaza, yara kaza, gidan wane. Lokacin karatu yara su ba shi ruwa. Lokacin hutu gidajen da ke kusa su karɓa.

7. A duba abin da ke tohowa da kansa. Sau da yawa akwai kututturen sabara ko kalgo ko aduwa a gefen fili. A yi masa sassabe, a kewaye shi. Shi ba ya neman bokiti.

Inda makaranta ke dafa wa yara abinci, a yi murhu mai tsimin itace maimakon duwatsu uku. Inda akwai faƙo kusa, a roƙi maigari ya ba makaranta ɗan yanki. Wani dattijo da ya iya tassa ya zo ya nuna wa yara: ramin ya kai kamar santimita 30 a faɗi, 20 a zurfi, a tara ƙasar da aka haƙo ta gefen gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Yara su auna, su ƙidaya, su rubuta. Ga darasin lissafi, ga darasin noma, duk a wuri ɗaya.

Abin da ya rage wa hukuma

Kada a fahimci maganar nan a karkace. Ba cewa muke hukuma ta sauke kayanta bisa kan talaka ba. Akwai abin da iyaye ba za su iya ba. Gina aji mai ƙarfi a madadin rumfar kara, aikin hukuma ne. Mun tuna gobarar da ta ci azuzuwan kara a Yamai a watan Afrilu na 2021, da ta Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar, inda yara fiye da 40 suka rasu a wurare biyun. Haƙa rijiya ko jawo famfo zuwa makaranta, aikin hukuma ne. Horar da malamai tun daga makarantar horon malamai, da buga littattafai cikin harshen da yaro ke ji, aikin hukuma ne. Shirin da ya dogara ga kuɗin baƙi kaɗai yakan tsaya ranar da kuɗin suka ƙare. Don haka ya kamata abin ya shiga cikin kasafin kuɗin ƙasa da na gunduma.

A nan karatunku zai yi amfani. Da can, in baƙo ya yi alkawari a dandali, iska ke tafiya da shi. Yau kuna iya rubuta shi: ranar kaza, wane ya ce zai kawo kaza. Kuna iya rubuta takarda zuwa ga daraktan makaranta, da sufeton makarantu, da ma'aikacin gandun daji, da shugabannin gunduma. Ku rubuta da ladabi, ku rubuta da lamba. Kada ku ce kawai muna cikin wahala. Ku ce: yaranmu kaza ne, azuzuwan kara kaza ne, rijiya tana nesa da mu mita kaza, mun dasa itace kaza, kaza sun rayu, muna neman dashe kaza da waya ta shinge kafin watan Yuli. Mai mulki ya fi saurin amsa wa mutanen da suka riga suka fara aiki. Ku ajiye kwafin takardar. In shekara ta kewayo, ku fito da ita ku tambaya.

Aikin cibiya

Ga lissafi. Malam ya rubuta a allo, kowa ya yi a littafinsa.

Na ɗaya: a ce makaranta tana da yara 120, an dasa itace 30. Yara nawa za a ba kowane itace?

Na biyu: a ce kowane itace yana shan bokiti 2 a mako. Bokiti nawa itace 30 za su sha a mako ɗaya? Nawa za su sha a mako 4?

Na uku: eka ɗaya tana da tsawon mita 100 da faɗin mita 100. In ana haƙa tassa ɗaya a kowace mita, tsaye da kwance, tassa nawa za a samu?

Ga kuma tambayoyin tattaunawa. Waɗanne itatuwa ne tsofaffin garinku suka sani, waɗanda yau babu su? Itace nawa ke da rai a filin makarantarku? Wa ya ba su ruwa a ranin da ya wuce? Yaushe KOJES na garinku zai yi taronsa na gaba, kuma wa zai ta da maganar a can?

Ku rubuta amsoshinku ku ba malamin cibiya ya aiko mana. Kada ku jira watan Agusta. Tun da rani ake tara taki, a tanadi ƙaya, a je wurin ma'aikacin gandun daji a rubuta sunan makaranta cikin masu neman dashe.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.